LUDWIG MOND (1839–1909): DUKIYAR SODA DA NIKEL DA INDA ALHERINTA YA SAUKA

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi tarihin rayuwar Ludwig Mond, Bajamushen da ya zauna a Ingila ya kafa manyan masana'antu biyu, ɗaya ta soda, ɗaya ta ƙarfen nikel, sa'an nan mu duba kyautar da ya bari a bayansa. Masu rubutu a kan attajirai irinsa sukan kasu gida biyu. Akwai masu lissafa gine-ginen da attajirin ya yi wa jama'a, su tsaya nan. Akwai kuma masu lissafa ɓarnar da masana'antarsa ta yi, su ma su tsaya nan. Mu kuwa tambayar da muke son amsawa ita ce: a ina aka haƙo dukiyar, a ina kuma alherinta ya sauka?

Mun zaɓi Mond ne saboda dalili biyu. Na farko, shi masanin kimiyya ne da kansa, arzikinsa daga ɗakin gwaje-gwaje ya fito, don haka ana iya bin sawun dukiyarsa tun daga tushe. Na biyu, kyautarsa ta yi albarka ƙwarai, har ana iya nuna abin da ta haifa bayan shekaru hamsin da mutuwarsa. Idan har an sami giɓi a cikin lissafin mutum irin wannan, to, lalle akwai darasi a ciki ga duk mai nazarin tarihin masu dukiya. Za mu fara da asalinsa, mu bi ta kan sana'o'insa biyu, mu zo ga kyautarsa, daga nan mu koma garuruwan da aka haƙo dukiyar mu ga halin da aka bar su.

2.0 ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Ludwig Mond ran 7 ga Maris, 1839, a garin Kassel na ƙasar Jamus, a gidan wani ɗan kasuwa Bayahude. Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Marburg a hannun Hermann Kolbe, sa'an nan ya wuce Jami'ar Heidelberg wurin Robert Bunsen, watau malamin da ake kiran murhun gas na ɗakunan gwaje-gwajen kwalejojinmu da sunansa. Mond ya bar jami'a bai karɓi digiri ba. Sai daga baya, bayan ya yi suna, Heidelberg ta ba shi digirin girmamawa.

Bayan ya yi aiki a wasu ƙananan masana'antu na Jamus, ya ƙetara Ingila a shekarar 1862, ya shiga masana'antar John Hutchinson a garin Widnes, kusa da Liverpool. Ya koma Holan a 1864 ya yi aikin gina wata masana'anta a Utrecht, ya auri 'yar'uwarsa Frida Löwenthal a 1866, ya dawo Widnes a 1867. Sun haifi 'ya'ya maza biyu, Robert da Alfred. Ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1880. A masana'antar Hutchinson ne ya sadu da John Brunner, ɗan wani malamin makaranta mutumin Suwizalan, wanda ke riƙe da ofis da littattafan kuɗi. Abotar mutanen nan biyu ita ce harsashin duk abin da ya biyo baya: ɗaya ya san sinadari, ɗaya ya san kasuwa.

3.0 SANA'AR SODA

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana abin da ake nufi da soda a nan. Wani farin gari ne mai kaifi, kuma shi ne babban sinadarin da ke cikin kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi. Ba a yin gilashi ko sabulu da yawa sai da shi, haka kuma ana bukatarsa wajen yin takarda da wanke zaren masaƙa. Ƙasar da ke da masaƙu da yawan jama'a kamar Ingila ta ƙarni na 19 ba ta iya zama babu shi. Da yake ba ta da tafkin kanwa, tilas ta haɗa shi daga gishiri.

Hanyar da ake bi a lokacin ita ce ta wani Bafaranshe mai suna Nicolas Leblanc, wadda ya ƙago a ƙarshen ƙarni na 18. Ana dafa gishiri da ruwan asid na farar wuta, sa'an nan a gasa abin da ya fito tare da kwal da dutsen farar ƙasa. Hanyar tana ba da soda, amma tana da aibi biyu. Na ɗaya, hayaƙin asid da ke fita ta bututu yana ƙone itatuwa da amfanin gona, har majalisar dokokin Birtaniya ta kafa doka a kansa a 1863. Na biyu, takan bar wata baƙar shara mai nauyin da ya kai na sodar kanta ko ya fi, wadda ake jibgewa a bayan gari tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk farar wutar da aka saya da tsada a cikin wannan shara take ƙarewa. Aikin farko da ya fito da sunan Mond shi ne dabarar ƙwato farar wutar daga sharar, a sake amfani da ita. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu koma kansa a sashe na 6.0.

A 1872 Mond ya tafi Beljiyam ya sadu da Ernest Solvay, wanda ya gano wata hanya mai tsabta. A hanyar Solvay ana zuba iskar amoniya a cikin ruwan gishiri, a busa masa iskar da ke fita daga gasasshen dutsen farar ƙasa, sai wani farin gari ya kwanta a ƙasa, a tace shi, a gasa shi ya zama soda. Amoniyar kuwa, wadda ita ce mai tsada, ana ƙwato ta a mayar da ita cikin tukunya. Mond ya sami izinin amfani da hanyar a Birtaniya. A 1873 shi da Brunner suka sayi fili a Winnington, kusa da garin Northwich na lardin Cheshire, da kuɗin da yawancinsa rance ne. Sun zaɓi wurin ne domin akwai gishiri a ƙarƙashin ƙasarsa, ga kogin Weaver na ɗaukar kaya zuwa Liverpool, ga kuma dutsen farar ƙasa a lardin Derbyshire da ke maƙwabtaka.

Shekarun farko sun yi musu wuya, domin injunan Solvay ba su gama nuna ba, kullum cikin gyara ake. Amma kafin ƙarni ya ƙare, kamfanin Brunner Mond ya zama mafi girman mai yin soda a duniya. Masu bin tsohuwar hanyar Leblanc suka ga ba za su iya gasa ɗai-ɗai ba, suka haɗe a 1890 suka kafa United Alkali, duk da haka ba su tsira ba. A cikin neman amoniya mai araha Mond ya kuma ƙago wata hanya ta fitar da gas na girki da na injuna daga kwal maras kyau, wanda aka riƙa kira gas ɗin Mond. An zaɓe shi cikin Royal Society, watau babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, a 1891.

4.0 DAGA BAWUL ZUWA MAHAƘA

Shigar Mond harkar haƙar ma'adinai ta samo asali ne daga wata 'yar matsala. A cikin wasu injunan gwaji na kamfanin, an lura cewa bawul ɗin da aka ƙera da nikel suna lalacewa, alhali nikel ƙarfe ne da aka sani ba ya tsatsa. Mond da mataimakansa biyu, Carl Langer da Friedrich Quincke, suka bi diddigin abin, suka gano cewa iskar nan mai guba da gawayi ke fitarwa idan bai ci sosai ba, wadda masana ke kira kabon monoksaid, ita ce ke cin ƙarfen. A 1890 suka bayyana abin da ya ba masana mamaki: idan aka bi da wannan iska ta kan garin nikel a zafin da bai wuce awo 50 zuwa 60 na ma'aunin Salshiyas ba, sai ƙarfen ya haɗu da ita ya tashi kamar tururi. Idan aka ƙara zafin zuwa wajen awo 200, sai su rabu, nikel ya sauka tsantsa, iskar ta koma a sake aiki da ita.

Amfanin wannan a fili yake. A cikin dutse nikel yakan zo a cakuɗe da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da wasunsu, raba su kuwa aiki ne mai wuya. Ga shi an sami hanyar da za ta ɗauke nikel ta bar saura. Kasuwa ma tana jira, domin a daidai lokacin ne aka gane cewa ƙarfen da aka gama da nikel ya fi ƙarfi wajen yin sulken jiragen ruwa na yaƙi. Ana kuma buga kuɗi da shi. Kwabo mai huji da anini da aka kashe a ƙasashenmu a farkon zamanin Turawa, da gamin jan ƙarfe da nikel aka buga yawancinsu.

Sai dai Birtaniya ba ta da dutsen nikel. Saboda haka Mond ya sayi filayen ma'adinai kusa da garin Sudbury a lardin Ontario na Kanada, ya kafa Mond Nickel Company a 1900, yana da shekara 61. Aka raba aikin gida biyu. A Kanada ake haƙo dutsen a mahaƙar Victoria, a gasa shi, a narka shi. Daga nan a ɗauko shi a jirgin ruwa zuwa matatar da aka gina a Clydach, kusa da Swansea a ƙasar Wales, inda kwal yake da araha. Matatar ta fara aiki a 1902.

Mond ya mutu a gidansa na Landan ran 11 ga Disamba, 1909. A 1926 ɗansa Alfred ya haɗa Brunner Mond da wasu kamfanoni uku, har da tsohuwar abokiyar hamayyarsu United Alkali, aka kafa ICI, kamfanin da fentinsa na Dulux ya shigo kasuwanninmu. Kamfanin nikel kuwa an haɗe shi da International Nickel a 1929.

5.0 KYAUTAR DA YA BARI

Muna iya kasa kyautar Mond kashi uku: ta kimiyya, ta zane-zane, da ta ma'aikata.

5.1 Kimiyya. Mond ya sayi gidan da ke jikin Royal Institution, wata tsohuwar cibiyar kimiyya a titin Albemarle na Landan, ya mayar da shi ɗakin bincike, ya zuba masa kayan aiki, ya kuma ajiye masa kuɗi a matsayin waƙafi. An buɗe shi a 1896, kuma abin da ya kashe ya kai wajen fam 100,000. Bai sa wa ɗakin sunansa ba. Ya kira shi Davy-Faraday, don tunawa da manyan masana biyu da suka yi aiki a cibiyar. Sharaɗinsa shi ne a buɗe ƙofa ga mai bincike, mace ko namiji, daga kowace ƙasa. Bai tsara musu abin da za su bincika ba, bai kuma ɗaura ɗakin a kan bukatun kamfaninsa ba.

Abin da wannan ya haifa sananne ne. A 1923 William Henry Bragg ya karɓi shugabancin ɗakin, ya tara matasa masu nazarin ƙirar ƙwayoyin abubuwa da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Daga cikinsu akwai Kathleen Lonsdale, wadda a 1945 ta zama ɗaya daga cikin mata biyu na farko da aka zaɓa cikin Royal Society. A 1965, a wannan ɗaki, David Phillips da abokan aikinsa suka zana cikakkiyar ƙirar lisozayim, wani sinadari da ke cikin hawaye da farin ƙwai mai kashe ƙwayoyin cuta. Shi ne inzayim na farko da aka taɓa zana ƙirarsa. Shekara 56 ke nan bayan mutuwar mai kyautar.

A cikin wasiyyarsa ya bar wa Royal Society fam 50,000, ya bar wa Jami'ar Heidelberg daidai wannan. Ya kuma bar kuɗi ga makarantar zane ta Munich da garin haihuwarsa Kassel. Daga cikin rabon Royal Society ne aka ɗebi fam 15,000 aka gina wa Pyotr Kapitza, wani masani mutumin Rasha, ɗakin bincike a Jami'ar Kambirij, wanda aka buɗe a 1933 aka sa masa sunan Mond. Aikin ɗakin shi ne nazarin halin abubuwa a cikin matsanancin sanyi, fannin da Kapitza ya sami lambar Nobel a kansa a 1978.

5.2 Zane-zane. Mond yakan yi hunturu a birnin Rum, ya kuma tara zanen manyan gwanayen Italiya bisa shawarar wani masani mai suna Jean Paul Richter. Ya yi wasiyya a ba National Gallery, gidan adana zane na ƙasa da ke Landan, zaɓaɓɓu daga cikinsu bayan ran matarsa, bisa sharaɗin a ajiye su wuri ɗaya. Frida ta mutu a 1923, zane 42 suka shiga gidan a 1924. A cikinsu akwai aikin Raphael da Titian da Botticelli da Mantegna. Gidan ba ya karɓar kuɗin shiga, don haka abin da dā sai baƙin attajiri ke gani ya zama na kowa.

5.3 Ma'aikata. Wannan kashi ba a cika lissafa shi cikin kyauta ba, amma a ganinmu shi ya fi kusa da adalci. Masana'antar sinadarai ba ta kwana, wuta tana ci dare da rana, kuma al'adar lokacin ita ce a raba yini biyu, kowane ma'aikaci ya yi awa goma sha biyu. Kafin shekarar 1890 ta ƙare, Brunner Mond ya mayar da aikin karɓa-karɓa kashi uku na awa takwas-takwas. Tun kafin haka, a cikin shekarun 1880, ya fara ba da hutun mako guda tare da albashi, abin da ba safai ake ji ba a Ingila ta wancan zamani. Wannan alheri bai bar gini da za a nuna ba, amma ya sauka kai tsaye a kan waɗanda guminsu ya tara dukiyar.

6.0 INDA AKA HAƘO DUKIYAR

Idan muka jera wuraren da manyan kyaututtukan Mond suka tafi, za mu sami Landan da Heidelberg da Munich da Kassel, sai Kambirij daga baya. Garuruwa ne da suka haife shi, ko suka koyar da shi, ko suka girmama shi. Yanzu sai mu jera wuraren da dukiyar ta fito: Northwich da Sudbury da Clydach.

A Northwich, zuƙe ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa ya sa gari ya riƙa lotsawa. Gidaje suka karkace, gonaki suka zama tafkuna. Ba Brunner Mond ya fara wannan ba, masu dafa gishiri sun riga shi da daɗewa, amma yana cikin masu shan ruwan gishirin yankin. Sai da aka kafa dokar biyan diyya a 1891. Brunner, wanda ya wakilci garin a majalisa, shi ya fi kula da shi wajen kyauta. Ya gina masa ɗakin karatu a 1885, lotsawar ƙasa ta lalata ginin, aka sake wani a 1909. Ke nan har kyautar ma ba ta tsira daga ɓarnar sana'ar gishiri ba.

A Sudbury abin ya fi muni. Dutsen nikel cike yake da farar wuta, hanyar rage ta kuwa a lokacin ita ce a shimfiɗa itace a fili, a jibga dutsen a kai, a cinna wuta, a bar shi yana ci har watanni. Hayaƙin yana bin ƙasa yana ƙone duk wani tsiro, ruwan sama ya wanke ƙasar noma, ya bar baƙin dutse tsirara. Kamfanin Canadian Copper ya riga Mond zuwa, ya kuma fi shi girma, amma kamfanin Mond ma haka ya yi. A nan ne batun da muka roƙi mai karatu ya riƙe yake dawowa. Mutumin da ya fara yin suna da ƙwato farar wuta daga sharar Widnes, kamfaninsa ne ke sakin farar wuta cikin iskar Ontario. A Widnes farar wuta kuɗi ce, ga doka, ga maƙwabta masu ƙara. A dajin Ontario ba ta da kasuwa a kusa, masu ƙara kuwa ba su da ƙarfi. An daina gashin fili a 1929. Aikin farfaɗo da ƙasar bai kankama ba sai a 1978, lokacin da mutanen garin suka shiga zuba farar ƙasa a kan duwatsu da dasa itatuwa, waɗanda daga baya suka kai miliyoyi.

Ƙasar kuma tana da masu ita. Yankin Sudbury yana cikin filin da mutanen Anishinaabe suka yi yarjejeniya da gwamnatin Ingila a kansa a 1850, wadda ake kira Robinson-Huron. An yi musu alkawarin wani kuɗi duk shekara, za a kuma ƙara shi idan ƙasar ta kawo riba. An ɗaga shi zuwa dala 4 ga kowane mutum a cikin shekarun 1870, daga nan ba a sake taɓa shi ba, duk da nikel ɗin da aka kwasa. Sai a 2023, bayan doguwar shari'a, gwamnatocin Kanada da Ontario suka amince su biya al'ummu 21 dalar Kanada biliyan 10. Alkawarin na gwamnati ne, ba na Mond ba, amma arahar da aka sami ƙasar tana cikin ribar duk wanda ya haƙa a wurin.

A Clydach kuwa jikin ma'aikata ne ya biya. Tururin nikel guba ne mai kisa, an kuma yi hattara da shi. Abin da ba a gane ba shi ne ƙurar da ke tashi wajen gasa narkakken dutsen da aka kawo daga Kanada. Bayan mutuwar Mond likitoci suka fara lura da yawan ciwon dajin hanci da na huhu a tsakanin tsofaffin ma'aikatan matatar. A 1949 gwamnatin Birtaniya ta sa ciwon cikin cututtukan sana'a da ake biyan diyyarsu. A 1958 Richard Doll ya buga binciken da ya nuna girman abin a ƙididdige. Haɗarin ya fi tsanani ga waɗanda suka shiga aiki kafin wajen 1930, watau kafin a sauya yadda ake aikin. Ba daidai ba ne mu tuhumi Mond da abin da kimiyyar zamaninsa ba ta sani ba. Amma ba daidai ba ne kuma mu lissafa zane 42 mu manta da waɗannan mutane, domin dukiya ɗaya ce. Hausawa na cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bi Ludwig Mond daga Kassel zuwa Widnes, daga Winnington zuwa Sudbury da Clydach, mun kuma ga inda kyautarsa ta sauka. Abubuwa uku muke ganin sun fito.

Na farko, kyautarsa ta kimiyya ta ɗore ne saboda yadda ya tsara ta. Ya ba da gida da kayan aiki da kuɗin riƙewa, ya damƙa su ga cibiyoyin da suka riga suka kafu, sa'an nan ya janye hannunsa. Bai san Lonsdale ko Kapitza ko Phillips ba, bai kuma yi tunanin abin da za su gano ba. Da ya ɗaure kuɗin a kan binciken soda da nikel, da sun tsufa tare da sana'ar.

Na biyu, kyauta takan bi zuciyar mai bayarwa zuwa inda yake jin ana binsa bashin godiya, ita kuwa ɓarna tana zama inda aka yi haƙa. Wuraren nan biyu ba safai suke zama ɗaya ba. Diyyar da Northwich da Clydach da Sudbury suka samu ta zo ne ta hanyar doka da binciken likitoci da shari'a da aikin gayya na mutanen gari, kuma ta zo a makare, wani wuri bayan shekaru arba'in, wani bayan fiye da ɗari.

Na uku, mafi dacewar alherin da aka yi a Winnington shi ne rage awa huɗu daga wuyan ma'aikaci, domin an yi shi a kan lokaci, ga wanda ya cancanta, a wurin da aka sami dukiyar.

Shawararmu ga 'yan'uwa malaman tarihi ita ce, duk lokacin da za mu koyar da rayuwar wani attajiri mai kyauta, mu sa ɗalibai su zana taswira biyu, ta inda dukiyarsa ta fito da ta inda kyautarsa ta tafi, su ɗora ɗaya a kan ɗaya, sa'an nan su yi hukunci da kansu. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma tarihin ɗakin Davy-Faraday ya gaskata haka. Abin da ya rage ga mai nazari shi ne ya tambaya a gonar wa ya faɗi.